Abin da Ya Hana Alhaji Gambo Shan Ruwa

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, shi ne mai kwantar da bawa, shi ne mai tayar da shi. Sunana Isufu. Asalina mutumin ƙasar Tawa ne, amma a unguwar Bukoki ta birnin Yamai nake zaune tun gemuna yana baƙi. Sana'ata jinyar tsofaffi maza a cikin gidajensu: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya zame a bayi ƙugu ya karye, wanda shekaru kawai suka kayar. Ni ba lokotoro ba ne, wato likita. Ba na yin allura, ba na rubuta magani. Wanka nake yi wa mutum, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo, in ba shi abinci a baki, in kwashe abin da ɗan Adam ba ya so wani ya gani. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo na yi, kuma da ajami na fara zayyana wannan kafin a mayar mini da shi boko.

Fushi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yanzu samari suna zuwa ƙofar gidana bayan la'asar, wai in samo musu gidan da za su yi jinya, don sun ji manyan gidajen unguwar Kwara Kano suna neman masu wannan aiki. Kwanan baya wani ƙato ya zo ya tsaya a kaina ina zaune kan tabarma, waya a hannu, abin sauraro a kunne ɗaya. Na ce masa, me ka sani a aikin? Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Isufu, ai ba wani abu ba ne. Ƙarfi ne da toshe hanci." Na ce ya tafi kasuwar Katako ya yi dako, can ake neman ƙarfi, kuma buhun siminti ba ya jin abin da ake faɗi a kansa.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba. Tawul biyu, ɗaya na wanka, ɗaya na rufe abin da ba a wankewa a lokacin, don ba a tuɓe babba gaba ɗaya ko da ku biyu ne a ɗaki. Soso mai laushi, man kaɗe na shafa baya da dugadugai, ƙaramin almakashi na farce, safar hannu, cokalin shayi, da kofin roba mai ɗan baki. Akwai wani sulɓaɓɓen dutse da na tsinto a bakin kogi, shi nake ɗora wa majinyaci a ƙirji ya yi taimama idan ruwa zai wahalar da shi. Sai ƴar kujerata ta tsuguno, wadda nake ɗaurewa a bayan keke. Masu gida sukan ce, "Malam, ga kujeru cike da falo." In ce a bar ni da tawa. Wanda ke kwance ya gaji da kallon haɓar mutane da ramin hancinsu. Idan na zauna kan ƴar kujerar nan, fuskata tana daidai da tasa, wani lokaci ma ƙasa da tasa, kamar yadda ya saba ganin mutane a gabansa lokacin da yake da lafiya.

Ranar da na fara koyon aiki, a wani ƙaramin kilinik ne kusa da kasuwa, hannun wani dattijo Bazabarme da ake kira Baba Tahiru. Bai ba ni soso ba, bai ba ni baho ba. Ya nuna mini wani gado da ba kowa ya ce in kwanta, in rufe baki, kada in motsa ko yatsa. Ya kira mai shara, suka tsaya ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suka kama hirar kokowa, wane ya kayar da wane a Dosso, wane ya sha asiri. Suna cikin hirar, ba wanda ya dube ni, sai na ji an fizgi ƙafata, an mirgina ni, an ɗage mini riga, an zuba mini ruwan sanyi a gadon baya. Na zabura na tashi zaune. Baba Tahiru ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Kai ka iya tashi. Su ba su iya ba." Daga nan ya koya mini abin da har yau ban sake ba. Ka yi sallama ko mutum ya yi wata bai buɗe ido ba. Ka kira shi da sunan da ake girmama shi da shi. Kafin hannunka ya sauka a jikinsa, bakinka ya riga: Alhaji, zan ɗaga ƙafarka ta dama. Alhaji, ruwan da ɗumi, ga shi nan zuwa. Kuma abin da ka gani ƙarƙashin zane, a ƙarƙashin zane yake tsayawa.

Akwai wani tsohon direban manyan motoci da na yi jinya shekarar korona, kurma ne, da kallon leɓe yake gane magana. Da aka ce kowa ya sa takunkumi sai duniya ta rufe masa gaba ɗaya, duk wanda ya matso sai ya kai masa duka. Ƴaƴansa suka ce ya fara ruɗewa. Ni kuwa sai in tsaya daga bakin ƙofa, in sauke takunkumin, in faɗa masa duk abin da zan yi tun daga fari har ƙarshe, yana kallon bakina, in mayar da takunkumin, sannan in matso. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Mutane suna zaton shekarar nan ce mafi muni a sana'armu, don gidaje da yawa sun sallami masu jinya. Ni ba ita ce tawa ba. Tawa ita ce shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, zafin Yamai ya kai inda ko tsofaffin gari suka ce ba su san irinsa ba, kuran kuma, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa ya wuni bai dawo ba. A shekarar nake gidan Alhaji Gambo.

Alhaji Gambo mutumin Damagaram ne, ya yi rayuwarsa yana sayar da itacen gini a Katako. Yara da yawa sun tashi a rumfarsa. Ɗaya daga cikinsu, Lawali, ya riƙe shi tun yana ɗaukar kaya a ka, har ya ba shi auren ƙaramar ɗiyarsa, ya buɗa masa rumfa a Maraɗi. Hawan jini ya buge Alhaji wata safiya, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Abin da ya rage masa ido biyu ne da hannun hagu. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, don haka babbar ɗiyarsa, Hajiya Zainabu, ta bar shagon atamfarta a hannun wasu ta dawo gidan uban a Kwara Kano. Ba zan zalunce ta ba, Allah yana gani. Ban taɓa shiga gidan da ɗiya ke wahala da uba kamarta ba. Idan kuran ya ɗauke, ita ke tsayawa da mahuci har hannunta ya sage.

Tun makon farko muka ƙulla hanyar magana ni da Alhaji. In sa hannuna cikin nasa na hagu, in yi tambaya. Idan i ne ya matsa, idan a'a ne ya bar hannun sake. Da haka na san ba ya son a miƙa masa cokali ya ci da hagu, ya fi son a ba shi a baki. Da haka na san yana so a juya gadon ya fuskanci gabas. Aikin ba a matsawar yake ba, a tambayar yake. Mai magana zai gaya maka abin da ba ka yi tunani ba. Wanda ba ya magana kuwa, amsar abin da ka tambaya kaɗai zai ba ka, in ba ka kawo tambayar ba sai ya mutu da amsarta. Kamar rubutun da ba a sa wa wasali ba ne, sai ka san maganar kafin ka iya karanta ta.

Da azumi ya kama, Alhaji ya bar shan ruwa. Ba rana ɗaya ya bari ba. Kofi ya koma rabi, rabi ya koma kurɓi, kurɓi ya koma ya haɗe leɓe ya juya kai. Fura ya ƙi, kunu ya ƙi, kankana da Hajiya ta sanyaya masa ya ƙi. Dabino yana karɓa, ɗan busasshen burodi yana karɓa. Leɓensa ya tsage. Idan na tsunkuli fatar bayan hannunsa sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Kush ɗin da nake sa masa, wato ƙunzugun manya, sai ya wuni a bushe, ɗan abin da ya fito kuma ja wur kamar shayi.

Kowa a gidan ya ce azumi yake so ya yi. Ni ma haka na zata da fari, don mutum ne mai ibada. Hajiya ta aika aka ɗauko limamin unguwa. Liman ya yi bayani mai kyau, ya ce Allah ya ɗauke wa mara lafiya, amma da ƙarfi ya yi shi kamar mai kiran salla, alhali kunnen Alhaji lafiyarsa lau. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, aka kawo kofi, ya haɗe baki. Bayan an sha ruwa ma haka. Da muka keɓe na tambaye shi, "Alhaji, azumi kake so?" Hannu sake. "Maƙogwaro ke ciwo?" Sake. Lokotoron da ke zuwa gida ya duba haɗiyarsa ya ce ba komai a nan, ya kuma ce mana a fili: cikin wannan zafi, idan ya ci gaba haka ƙoda za ta tsaya, sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin ruwa. Na sauya kofi, na sauya ruwan, na kawo na randa, na kawo na leda. Hajiya ta fito da zamzam da ta ajiye tun hajjinta. Wannan ya bari ya taɓa harshensa, don ba zai iya mayar da shi ba, sannan ya rufe. Na tambaye shi ko wani ya ɓata masa rai. Hannun ya ɗan motsa, ya kuma saki. Na lissafa masa sunayen mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi. Bai matsa a kan kowa ba.

To, Hajiya tana da wata al'ada, wadda yanzu babu gidan da ba a yi. Dangi sun watsu, wasu Damagaram, wasu Maraɗi, wasu Kwatano, sun buɗe gurup a waya, ƴaƴa da jikoki da surukai duk suna ciki. Kowace safiya idan na gama wanka sai ta tare ni a waje ta tambayi yadda aka kwana. In gaya mata a hankali, don ita ce mai jinya, dole ta sani. Sai in tafi bayan gida wankin baho da tawul, ita kuma ta shiga ɗakin ta aika wa dangi saƙon murya. Sanar da dangi halin mara lafiya zumunci ne, ba wanda zai ce laifi ne. Na san tana yi, amma ban taɓa zama na ji abin da take faɗi ba.

Ranar da na ji, yankan farce ne ya tsayar da ni a ɗakin. Ina kan ƴar kujerata, hannunsa na hagu cikin nawa. Hajiya ta shigo ta zauna a bakin gado, ta danna waya.

"Salamu alaikum jama'a, an tashi lafiya, ya ibada? Ga ni wajen Baba. To, har yanzu dai ruwan ne ba ya sha. Jiya sau ɗaya tak aka canza masa kush, shi ma ba wani abu ciki. Ku tuna da can sau huɗu ake yi, har zanen gado sai an wanke. Bayan gida kuma rabonsa da shi tun shekaranjiya. A ci gaba da addu'a. Ga shi nan, ku gaishe shi, yana kwance."

Ba a jima ba amsoshi suka fara shigowa. Ta kara wayar kusa da kunnensa don ya ji muryar ƴan uwa. Wata ta yi addu'a, wani jika ya ce sannu Kaka. Sai muryar namiji ta fito, cike da ladabi.

"Yaya Zainabu, Lawali ne. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Maganar kush ɗin nan, kada ku damu da wankin zane, akwai wani iri mai kauri da na gani nan Maraɗi, ko ya yi da yawa ba ya zuba. Zan sa a mota."

Hannun Alhaji ya damƙe nawa har almakashin ya faɗi. Tsohon da ya yi kwanaki ba ruwa, ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya runtse ido, ya juyar da kai wajen bango iyakar inda wuyansa ke kaiwa. Hajiya ba ta gani ba, tana duba saƙo na gaba. Ta ce, "Allah sarki Lawali, akwai kirki," ta fita.

Na tashi na rufe ƙofa, na dawo na zauna. Sannan na ce, "Alhaji, maganar da ake yi a waya ce?" Ya matsa. Na ce, "Ka bar ruwa ne don kada a samu abin faɗi?" Ya matsa, bai saki ba. Mutumin da ya ɗora wa Lawali kaya a ka, wanda Lawali bai taɓa cin abinci a gabansa ba, yau yana kwance yana jin Lawali yana zaɓar masa ƙunzugu. Ba shi da bakin da zai ce a bari. Abu ɗaya ya rage a ikonsa, shi ne kada ya sha, ya kuwa yi amfani da shi.

Na ce, "In aka daina, za ka sha?" Ya matsa. Na ce, "Ka yarda in gaya wa Hajiya? Ita kaɗai." Nan ya daɗe. Har na zata a'a ce. Can sai na ji yatsunsa sun ɗan rufe a kan nawa.

Na sami Hajiya a rumfar mota tana ba mai aiki saƙon cefanen buɗa baki. Na jira yarinyar ta tafi.

"Hajiya, na san abin da ya hana Alhaji ruwa."

"Alhamdu lillahi! Mene ne, Malam? Maganin ne ko?"

"Wayarki ce."

Ta dubi wayar, ta dube ni. Na yi mata bayani da kalmomi mafi sauƙi da na samu. Fuskarta ta sauya.

"Malam Isufu, azumi ne ke taɓa ka? Dangi ne fa. Ƴaƴansa ne da jikokinsa, ba bare ko ɗaya."

"Da surukansa."

"To Lawali baƙo ne? A gidan nan ya girma!"

"Shi ya sa, Hajiya."

"Ni da na bar shagona, na bar ɗakina, ina nan ina fifita har hannuna ba ya ɗaguwa, yau ni ce na hana ubana shan ruwa? In ban gaya musu ba su ce na ɓoye, in na gaya musu kuma ga abin da ka zo da shi. Kuma Baba ai yanzu ba gane irin waɗannan yake yi ba."

"Wa ya ce miki?"

"Ai gani ake."

"Rabonki da ki tambaye shi wani abu tun yaushe?"

"Yo mutumin da ba ya magana me zan tambaye shi?"

Na ce ta zo ta gani da kanta, amma da sharaɗi: maganar nan shi ya ba ni ita, ya ce ke kaɗai. Ta ce ta ji. Na maimaita, ta ce, "Malam, na ce na ji."

Muka shiga. Na tura mata ƴar kujerata, ta zauna, atamfarta tana jan ƙasa. Na sa hannunta cikin nasa, na ce ta tambaye shi. Ta ce, "Baba, Zainabu ce. Kana ji na?" Na ga yatsun sun rufe. Ta ce, "Duk abin da nake faɗi a waya kana ji?" Suka ƙara rufewa. Sai ta kifa kai a bakin gadon ta fashe da kuka, tana cewa Baba ka yafe mini, wallahi ban sani ba, wallahi na bari daga yau. Ya zare hannun daga nata ya ɗora mata a ka.

Na zuba ruwan randa a kofin roba. Na ce, "Alhaji, ga ruwa nan zuwa." Na tallafi ƙeyarsa. Ya buɗe baki. Na ji kurɓin farko ya wuce, na ga maƙogwaron ya hau ya sauka. Na biyu ya bi. Na ɗan janye kofin don kada ya shaƙe, ya biyo shi da leɓe. Hajiya ta miƙe tana share hawaye da gyale, ta ce bari ta wanke fuska. Ta fita, ba ta ja ƙofar ba.

Kofin yana bakinsa muka ji muryarta daga baranda, taku kaɗan daga inda muke, tana magana cikin kuka.

"Jama'a, inna lillahi. Ashe Baba duk abin da muke faɗi yana ji. Wallahi yana ji. Malam Isufu ne ya gano. Wai kunyar kush ɗin nan ce ta hana shi shan ruwa, don kada ya yi fitsari a faɗa. Ku ji fa! Lawali, musamman kai, maganarka ta ɗazu ta ɓata masa rai ƙwarai. Don Allah daga yau kada wanda ya ƙara ambaton kush, ni ma na bari. Ga shi can yanzu yana sha."

Na ajiye kofin na fita da sauri, amma ta riga ta saki, ya tafi. Na ce, "Hajiya, ke kaɗai aka ce!" Ta dube ni da jajayen idanu, ko kaɗan ba ta ga abin da ta yi ba. Ta ce, "To ai dole in gaya musu su daina, Malam. In ban faɗi dalili ba ta yaya za su daina?" Tana rufe baki amsa ta shigo, yatsanta ya danna kafin in ce wani abu. Lawali ne, muryarsa har cikin ɗaki.

"Subhanallahi! Yaya, don Allah ki sa mini shi a kunne. Baba, ka gafarce ni. Kada ka ji kunyata, Baba, ni ɗanka ne. Ko ni ne a nan da hannuna zan wanke ka."

Na koma ɗaki. Fuskarsa tana bango. Na zauna, na kira shi, na ce ga sauran ruwan. Leɓen nan a haɗe kamar an ɗinke. Na wuni a wurin. Na yi masa magana a kan rahamar Allah, na tuna masa cewa jiki amana ne, na ce wayar za a fitar da ita daga gidan in ya so. Hajiya ta zo ta durƙusa, ta rantse, ta kawo wayar ta kashe a gabansa. Bai juyo ba.

Washegari lokotoro ya ce ba sauran jira, aka ɗauke shi zuwa wani kilinik. Can ba a bukatar irina, aikina a gidan ya ƙare. Na je dubiya bayan azahar, ranar da ta biyo. Na tarar an sa masa ƙarin ruwa, an kuma ɗaure hannunsa na hagu da bandeji a ƙarfen gado, don an ce da shi yake fizge allurar. Ban ga laifin ma'aikatan ba, ba su san da wannan hannun yake magana ba, ba wanda ya gaya musu. Dangi sun cika baranda, har na Maraɗi sun iso. Lawali yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, hularsa a hannu, ya kasa shiga ya kasa tafiya.

Ba kujera a ɗakin, sai na durƙusa a ƙasa. Na yi sallama. Na zura hannuna cikin nasa a inda yake ɗaure. Idonsa biyu, ya dube ni sosai, ya san ni. Na ce, "Alhaji, Isufu ne. Kana ji na?"

Ya bar hannun sake. Na jira, na sake tambaya. Yana kallona, ya bar shi sake.

Bai kai Salla ba. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi daga tafkin Annabi, ya kuma suturta mu ranar da bakinmu zai kasa.